Injekta a Hanyar Galadi

Tun da na dawo daga Galadi ban sha shayi cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni a teburin mai shayin bakin tasha sai ya ce, "Malam Labbo, wai da gaske jakuna suka jawo ku har Shinkafi?" Wani ya ce ya ji wuta ta kama motar. Wani kuma an gaya masa Emeka ne ya gyara ta da hannu ɗaya yana shan rake da ɗayan, kuma na san bakin da wannan maganar ta fito. To ga yadda abin ya kasance, in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Motar dai kun san ta. Tsohuwar a-kori-kurar nan ce mai fowil, wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. Mahaifina ya saye ta a gwanjo ina saurayi, ni kuma na yi aikin malamin dabbobi da ita har na yi ritaya. Ba rugar da ba ta shiga ba tsakanin Banga da Dauran. Aibinta ɗaya ne, shan mai. Da fetur ya yi tsada sai na jingine ta a ƙofar gida, kaji suka mai da ita gidan haya.

Sai ɗana Nura, wanda ke aiki a Kaduna, ya zo hutu ya ce za a cire mata kafireto a sa injekta. Wai kafireto zuba mai yake yi kamar mai rabon sadaka, injekta kuwa fesawa yake kaɗan-kaɗan, wata 'yar ƙwaƙwalwa a cikin akwati na auna masa.

Na ce, "Nura, kowa a garin nan injekta yake cirewa ya sa kafireto. Mu ne za mu bi hanya a juye?"

Ya ce, "Baba, ai shi ya sa ba mu ci gaba ba."

Ban taɓa sanin ci gaban ƙasar nan a cikin bonet ɗina yake ba sai ranar. Ya ɗauko wani bakanike daga Kaduna suka yi ta kwancewa da ɗaurewa. Sabon famfon mai kuwa a shagon Emeka, mai sayar da kayan gyaran mota, aka saya. Da aka gama, murɗawa ɗaya ta tashi, tana wani gurnani a hankali kamar kyanwa. Muka zagaya da ita daga kasuwa zuwa tsohuwar tashar jirgi, jama'a na ɗaga mana hannu. Nura ya koma Kaduna yana jin ya gyara Najeriya.

Abin da ya sa na yarda da wannan aiki tun farko shi ne Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage mana a cikin manya. Tana zaune a wata unguwa gefen Galadi, maƙwabtanta na ta tashi ɗaya bayan ɗaya saboda ɓarayin daji. Duk saƙon da na aika mata ta dawo Kaura, amsa ɗaya take bayarwa: ƙugunta ba ya hawa babur. "In Labbo na son in taho, shi zo da motar ubanai." Ta san motar na jingine, shi ya sa ta kafa wannan sharaɗi. Ga damina ta kusa, in rafi ya cika kuwa ba mota sai baɗi.

Emeka, ga wanda bai san shi ba, a nan Kaura aka haife shi, kuma Zamfarcinsa ya fi na Nura nesa ba kusa ba. Ban gayyace shi ba. Kuskuren da na yi shi ne faɗa a majalisa cewa motar ta ɗan yi tari sau ɗaya, wani ya ce ƙila famfo ne. Ranar tafiya da safe sai ga shi da jaka da akwatin sifana.

"Malam, hwamhwona ba shi tari. Za ni bi ka in gani da idona, kada a ɓata man suna cikin gari."

Hanyar Shinkafi yanzu ba a bin ta ɗai-ɗai. Motoci na taruwa da hantsi su tafi a jere, kuma kowa na son ya sauka daga titi kafin la'asar. Direbobin ƙananan motocin haya suka dubi tawa, suka yi shawara, suka sa mu a tsakiya don girmama shekaru. Muka kama hanya lafiya lau. Har na fara tsara abin da zan gaya wa masu zagin injekta.

Ba mu kai Moriki ba ta fara shessheƙa. Na taka totur, ta yi kamar za ta amsa, sai ta yi shiru. Na gangara gefe. Motocin da ke bayanmu suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowane direba na leƙo kai yana cewa, "Allah shi kiyaye, Baba!" Ban taɓa samun addu'a mai yawa haka cikin ƙanƙanin lokaci ba, kuma ban ga laifin kowa ba. A wannan hanya, wanda ya tsaya ya tsaya da fasinjojinsa ne.

Na kira Nura. Ya ce, "Baba, wace fitila ce ta kama a gabanka?"

Na ce, "Fitilun gaban motar nan sun mutu tun ba a haife ka ba."

"To a jona mata kwamfuta a ga abin da ta ce."

"Nura, tsakanin gonar gero da gonar dawa nake. Wacce daga ciki ke da kwamfuta?"

Ya ce ko mene ne, ba injekta ba ne. Emeka ya ce ko mene ne, ba famfo ba ne, sai dai tanki. Ni kuma na ce tankin da ya yi wa mahaifina hidima bai taɓa ba shi kunya ba, ba yau zai fara ba. Muka tsaya a rana kowa na wanke ɗansa, idanunmu kuwa na kan daji. Can da injin ya huce, na murɗa makulli don kawai in yi wani abu da hannuna, sai ta tashi kamar ba ita ba.

A Moriki aka nuna mana wani bakanike mai suna Bawa, mutumin Zurmi, yana zaune ƙarƙashin dalbejiya a kan tsohuwar taya. Ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, sannan ya dube ni da tausayi.

"Alhaji, wa yai maka wanga aiki?"

"Ɗana."

"Ɗanka na cikinka?" Ya girgiza kai. "Ina kahwireton?"

Na ce yana gida cikin buhu. Ya ce da na zo da shi, da kafin azahar ya mayar mata da mutuncinta. Ya nuna mini wani kwando cike da akwatunan ƙwaƙwalwar mota da ya cire wa mutane, kamar wanzami na nuna haƙoran da ya fitar. Duk da haka ya shiga ƙarƙashi, ya kwance matatar mai, ya buga ta a tafin hannunsa. Wani jan gari ya zubo kamar an daka barkono. Tsatsar tanki ce. Kafireto ya yi shekara da shekaru yana haɗiye ta bai yi ƙorafi ba, shi kuwa injekta ɗan gayu ne, ƙwayar ƙasa ɗaya ke shaƙe shi.

Emeka ya ɗebi garin a takarda ya ninke ya sa aljihu, don majalisa.

Bawa ya wanke matatar ya mayar, muka ci hoce da ƙuli a tsaye, muka jira wani jerin motocin muka bi. Wannan karon a baya suka sa mu. A shingen jami'an tsaro wani matashi ya zagaya motar yana murmushi, ya ce kakansa ya taɓa tuƙa irinta, ya ɗaga mana hannu ba tare da ya nemi komai ba. Ta kai mu har bakin Shinkafi, muna hango rumfunan kasuwa, sannan ta sake yin shiru. Masu dako ne suka tura mu cikin gari, ba jakuna ba. A gyara wannan.

Mun sauka gidan Alhaji Mani, abokina tun na makaranta, mai sayar da albasa. Ya ba mu ɗakin zaure, inda buhunan albasa suka riga mu sauka, don haka har yau in na shinshina rigar da na je da ita sai idona ya kawo ruwa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu, da fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Emeka ya yi addu'arsa, muka yi tamu, ya cinye rabonsa ya taya ni nawa.

Mutanen Shinkafi sun koyi wata ɗabi'a da mu a Kaura ba mu gama koya ba. Mu in mutum zai yi tafiya, sai mai shayi da mai faci da limamin unguwa duk sun san ranar da lokacin. Can kuwa ina buɗe baki a ƙofar gida na ce, "Gobe in Allah ya kai mu za mu Gal..." sai Alhaji Mani ya taka mini ƙafa, ya ce wa mutanen da ke wurin, "Za su ga likita." Da muka shiga ciki ya ce, "Labbo, nan ba a hwaɗin inda za a. In an tambaye ka, ka ce nan kusa." Kuma in suka ce maka "ya hanya?" ba gaisuwa ba ce kawai. Tsayawa suke su ji amsa.

Da safe ya kai mu wurin wani mai gyaran wayoyin mota, Isufu, mutumin wajen Maraɗi da kasuwa ta zaunar da shi a Shinkafi. Iyaka ba nisa daga can, har wayata ta yi ta karɓar saƙo da Faransanci tana yi mini maraba da zuwa ƙasar da ban je ba. Isufu Hausa yake yi, amma sai da Emeka ya zama tafinta. Fetur a wurinsa esansi ne, filogi buji, mota kuma watir. Ya ce watir ɗina ta yi fan, na ce a'a, fanka lafiyarta lau. Ashe wai lalacewa yake nufi.

Ya kwanta ƙarƙashinta ya ɗan jima, sai muka ji yana dariya shi kaɗai. Ya kira mu mu leƙa. Bakaniken Kaduna ya ɗaure famfon mai dab da salansa, inda zafi ya fi yawa, ga shi kuma wutar da ke tafiyar da shi daga siririyar wayar rediyo aka jawo ta. In an yi nisa famfo ya gasu, ga yunwar wuta, sai ya suma. In ya huce ya farfaɗo.

Emeka ya daka tsalle. "Kun ji ko! An gasa man hwamhwo da rai!"

Isufu ya ce, "Shi ma famfon na ƙaramar watir ne, patron. Amma zai yi, in an tausaya mashi."

Emeka ya ce bai ji wannan da kyau ba, Faransanci ne.

Wunin ranar a garejin muka yi shi. Aka matsar da famfo kusa da tanki inda iska ke bugawa. Aka ja masa waya mai kauri tun daga batir, da fis nasa na kansa. Aka ƙara wata matatar kafin famfo don ta tare tsatsa. Tankin kuwa aka sauke shi, aka zuba masa tsakuwa da kananzir, ni da Emeka muka kama gefe-gefe muna girgizawa kamar masu kaɗa nono, mutanen kasuwa na tsayawa kallo. Abin da ya fito daga cikinsa ba zan faɗa ba, don darajar mahaifina. Na dai tsaya kan Isufu na ga inda kowace waya ta bi, saboda na gaji da zama baƙo a motata.

Na kira Nura na gaya masa. Ya ce, "Ka gani ko, Baba? Na ce ba injekta ba ne."

Washegari muka tafi nan kusa.

Hanyar Galadi ta babura ce, yashi da kwazazzabai da gindin kalgo. A nan tsohuwar ta tuna ko ita wace ce. Na sa mata fowil, ta shiga yashin rafi ta fita ba ko tangarɗa, ta hau gangaren da ko a ƙuruciyarta sai ta yi haƙi. Gaskiya injekta ya ƙara mata ƙarfi, amma kada wanda ya gaya wa Nura. Abin da ya hana mu murna shi ne gonaki. Lokacin sharar gona ne, amma sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mutum ɗaya da fartanya ba.

Mun sami Gwaggo zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ta dubi motar, ta dube ni.

"Ashe ka gyara ta."

"Na gyara, Gwaggo."

"Wa yas sa ka?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi Emeka mahaifiyarsa, wadda ta sani tun tana sayar da manja a kasuwar Kaura. Ta sa aka dama mana fura. Ta kawo maganar wakenta da ba a gama tsincewa ba, da wata akuyarta mai ciki, da cewa yau ba ranar tafiya ba ce. Na ce, "Gwaggo, ke kika ce in zo da motar Baba. Ga ta." Ta daɗe tana kallon tsakar gidan. Sannan ta ce a fito da gado.

Aka fito da gadon ƙarfe, da tukwane, da turmi, da buhunan gero, da akuya. Ina cikin ɗaure kaya sai na ga mutane na fitowa daga gidajen da na zaci kango ne. Wata mata mai tsohon ciki da mijinta ya kasa kai ta asibiti a babur. Wani dattijo makaho da ɗiyarsa ke Shinkafi. Gwaggo ce ke nuna wa kowa inda zai zauna, kamar ita ta sayi injekta. Waɗanda ba su sami wuri ba ta ja su gefe tana yi musu magana ƙasa-ƙasa, suna gyaɗa kai suna kallona.

Da aka gama sai ta ce a cire ƙyauren ɗakinta.

Na ce, "Gwaggo, akwai ƙofa a ɗakin da na gyara miki."

Ta ce, "Marigayi maigidana ya sassaƙa shi da hannunai. In bar shi nan shi tsare mi?"

Emeka ya ɗauko sifana ya cire shi. Muka ɗora shi a kan kaya. Ta shiga gaba tsakanina da Emeka, ba ta waiwaya ba.

Mun wuce rabin hanya, a cikin wani kwazazzabo mai duhuwar itatuwa, motar ta yi tsalle a kan wani dutse ta mutu. Ba shessheƙa, ba tari. Na murɗa, injin na juyawa amma ba ya kamawa. Sai a cikin shirun nan muka ji ƙarar babura daga yamma. Ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Matar da ke baya ta fara salati. Emeka ya riƙe ƙofa yana kiran Yesu da Hausa da Igbo. Ni kuwa na tuna Isufu ya ce in an buɗe makulli a saurari kukan famfo, wani ɗan zuuu kamar sauro. Na buɗe, na kasa kunne. Babu. Na diro na ɗaga bonet, ban tsaya neman sandar da ke tokare shi ba, na tokare shi da tsakar kaina. Na bi sabuwar wayar daga batir da yatsa. Fis ɗin ne ya zame daga gurbinsa, yana lilo. Na tura shi, ya faɗo. Ƙarar na ƙara matsowa. Na sake turawa, na fizge zaren hulata na ɗaure shi.

"Emeka, murɗa!"

Ya murɗa. Zuuu. Ta tashi.

Ban san lokacin da na koma mazaunina ba. Na dai san turmi ya faɗi a hanya kuma ba wanda ya ce a tsaya. Ƙarar baburan ta bi mu na ɗan lokaci, sannan ta karkata wani wajen. Ko 'yan kasuwa ne, ko 'yan banga, ko waɗanda muke tsoro, ban sani ba, kuma ban nemi sani ba. Sai da muka hango Shinkafi Gwaggo ta saki gwiwata. Wurin ya yi kwanaki yana ciwo.

Muka sauke mai ciki a asibiti, muka miƙa dattijo ga ɗiyarsa, muka sake kwana da albasa. Dawowa Kaura ba abin da ya faru, sai dai a Moriki na yi wa Bawa hon, ya ɗaga hannu yana mamakin ganinmu da ƙafafunmu.

Yanzu Gwaggo na ɗakin da ke kusa da rijiya. Ta sa kafinta ya cire ƙofar ƙarfen da na saka ya kafa ƙyaurenta, wanda ya gaza tsawo, har kyanwa na shiga ta sama. Nura ya bugo waya wai saura a sa wa motar na'urar sanyi da sabon dainamo. Na ce dainamon dai zan duba.

Shekaranjiya da safe na je gaishe ta, na same ta tana jan carbi. Ta ce, "Labbo, ka sha mai. Na gaya wa su Hassi ran Lahadi za ka komo ka ɗauke su, kahin ruwa shi sauka."

Sai a lokacin na gane maganar da take yi wa mutanen nan ƙasa-ƙasa. Na ce, "Gwaggo, kin ga fa abin da ya faru a kwazazzabo. Motar nan ta tsufa, ba a san inda za ta tsaya ba."

Ta ja ƙwayar carbi ɗaya, ta dube ni.

"Ni ma hakanan nike, kuma ga ni na iso. Tashi ka duba wayarka da kyau, wanga karon ka ɗaure ta da abin kirki, ba zaren hula ba."